Jinina da Jinin Inna

Shekarar da aka yi wa Inna aiki a ciki, ina cikin shekarata ta biyu da fara koyarwa. Na gama jami'a a fannin ilimin halittu, na dawo Damagaram, na samu aji a wata lise, wato makarantar sakandare, mai zaman kanta. Ina zaune a gidanmu na unguwar Birni, a ɗakin zauren da Baba yake aikin fata kafin ya rasu. Mu biyu ne a gidan, ni da Inna. Ni kaɗai ne ɗanta. Haka na tashi na sani, haka kuma yake a rubuce a takardar haihuwata.

Da bazara ne, in ban manta ba makonni kaɗan kafin ruwan farko. Likita ya ce ƙarin da ke cikinta ya shanye mata jini, ba za a shiga da ita ba sai an ƙara mata, kuma kamar yadda aka saba, sai wani daga dangi ya ba da nasa a madadin wanda za a ɗauko. Kawu, yayan Inna, ya tsufa. Ni na miƙa hannu. Wanda ya ɗebi jinin a labo, ɗakin gwaji na asibitin, abokin karatuna ne tun lise, mutum mai surutu. Yana ɗaure mini dantse yana tsokanata, wai mushe guda, wato malamin makaranta, amma jijiyarsa ta gudu don tsoron allura. Na ce masa nawa O ne, tun a jami'a muka gwada junanmu. Ya ce ya gani. Sai ya buɗe karnen Inna, wato ɗan littafinta na asibiti, ya ce tsohuwa kuwa AB ce, ba ta da tsirfa, duk irin da aka ba ta karɓa za ta yi. Ya manna mini auduga, ya kira na gaba.

Na fito na zauna a inuwar dogonyaro ina danne audugar. Abin da ya tsaya mini a rai darasi ne da na koyar da bakina wata biyu kafin nan. Kowane mutum yana gadon rukunin jininsa kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kashin yana iya zama A, ko B, ko O. A da B suna bayyana duk inda suke. O kuwa lafewa yake, ba ya fitowa sai mutum ya gaje shi ta ɓangarorin biyu. Shi ya sa uwa mai A da uba mai B za su iya haifar ɗa mai O, idan kowannensu yana ɗauke da O a ɓoye, kuma shi ya sa ƴan uwa ɗaya uba ɗaya jininsu yake iya bambanta, abin da mutanenmu da yawa ba su yarda da shi ba. Amma mace mai AB ba ta da inda za ta ɓoye O. Kashi ɗaya A ne, ɗaya B, dole ɗanta ya ɗauki ɗaya daga ciki. Na zana wannan a allo, na sa ɗalibai sun kwafa, har na ja layi a ƙarƙashi. Ko wane iri ne jinin Baba, Allah ya jiƙansa, bai ma shigo cikin maganar ba.

Ni mutum ne da ba na son yanke hukunci da wuri. Wasu sun ce wannan kirki ne, ni ban tabbata ba. Na ce wa kaina an yi kuskure a labo, kwalabe sun cuɗanya, ko hannun mai rubutu ya zame. Bayan kwana uku na koma wurin abokina na roƙe shi ya sake gwada mu duka biyu, na ce ina son in nuna wa ɗalibai misali na gaske. Ya yi dariya ya ce ƴan jami'a ba sa yarda da aikin kowa. Ya sake, a gabana, ɗigo uku a kan farin faranti. Na Inna ya dunƙule a wuri biyu na farko, na A da na B, nawa bai motsa a wuraren ba. Shi bai haɗa lissafin ba, ko ya haɗa ya yi shiru, ban sani ba har yau.

Daga nan na koma littattafaina. Na samu abin da nake nema: akwai wasu mutane ƙalilan ƙwarai da A da B ɗinsu suke manne wuri ɗaya, su wuce tare ko su tsaya tare, irin waɗannan suna iya haifar mai O. Akwai kuma waɗanda suke ɗauke da A ko B amma jikinsu bai iya bayyana shi, gwaji ya nuna su kamar O. Abu ne da likita zai yi aiki har ya bar aiki bai gamu da shi ba. Na sani. Duk da haka a nan na ɓuya, na ce tunda yana yiwuwa, ba ni da ikon in ce bai faru da mu ba.

Wadda ta yi jinyar Inna a asibiti ƙanwarta ce da ke aure a ƙauyen Dogo, muna ce mata Iya. Tun ina yaro takan zo bayan kaka da gyaɗa da kuka da ƙuliƙuli, ta kwana biyu ta koma. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona in muna magana, in ma za a kira abin magana. Takan ajiye ƙuliƙulin a kan turmi ta ce wa Inna, a ba ƴan lakkol, wato ƴan makarantar boko, alhali ni kaɗai ne ɗan lakkol a gidan. Na ɗauka ba ta sona, daga baya na ɗauka kunya ce ta mutumin ƙauye a gaban yaron da ke karanta faransanci. A asibiti ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon, ita ke wanke kwanoni, ita ke juya Inna, ga ƙafafunta a kumbure. Ta so ta ba da jini ita ma, aka dubi idonta aka ce a'a, ita kanta tana bukata. Don haka ba a gwada ta ba. Da an gwada, na san da na leƙa takardar, ko da yake na san ba za ta gaya mini komai tabbatacce ba. Gwajin rukunin jini yana iya cewa wannan ba ita ta haife ka ba. Ba ya iya nuna maka wadda ta haife ka.

Wata rana da hantsi na kawo kunu, Inna ta farka ta ƙwala mini kira da sunana, har mutanen gadon kusa suka waiwayo. Iya ta karɓi kwanon daga hannuna tana kallon bango, ta ce wa Inna a ce wa mai kawowa an gode. A nan wani tunani ya zo mini. Kowa a ƙasar nan ya san mace tana kunyar ɗanta na fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Inna ba ta taɓa jin wannan kunyar a kaina ba, na kuma ba wa kaina dalili tuntuni, cewa ɗa ɗaya ne gare ta, kuma zaman birni ya sassauta abubuwa. Iya kuwa na sha jin ta a Dogo tana kiran babbar ƴarta da suna daga wannan kusurwar gida zuwa waccan. Na tsaya riƙe da murfin kwano ina kallon bayan kanta. Sai na kori tunanin. Na ce al'ada ba hujja ba ce, mutum ba ya gina magana irin wannan a kan wanda ya kira suna da wanda bai kira ba.

Da aka sallami Inna, Iya ta koma Dogo saboda shuka ta matso. Ni na kai ta tasha a kan kabu-kabu biyu, baburan haya, ita a gaba ni a baya da ƙunshinta. Mun tsaya kusan rabin awa muna jiran mota ta cika. Na yi ta shirya tambayar a bakina. Abin da na iya cewa kawai shi ne ta riƙa ɗaga ƙafar in ta zauna. Ta ce to, tana kallon taya.

Kawu na fara tunkara, don na ga ya fi sauƙi. Na same shi a ƙofar gidansa bayan la'asar, na yi ta zagaye, na kawo zancen gado da jini kamar labarin aji nake ba shi. Ya saurara yana jan casbi. Da na gama ya ce karatu yana da kyau amma yana sa mutum ƙaiƙayi inda babu ƙurji. Ya tambaye ni wa ya goya ni, wa ya kai ni lakkol, wa ya zauna a kaina lokacin da na yi ƙyanda. Na ce Inna. Ya ce to, sai ya tambaye ni ko an fara ruwa a kudu. Na taso ina jin kunyar kaina, kamar na je in saci wani abu a gidan da aka ciyar da ni.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, mu kuma muka shiga jarrabawar ƙarshen shekara. Wata ranar Litinin ina zaure da tarin takardun ɗalibai, Inna ta leƙo tana dafa bango, don ɗinkin bai gama warkewa ba. Ta ce an bugo waya daga Dogo, Iyarku ba ta jin daɗi, ta ce a gaishe ka. Na ajiye jan biro. Na tambaye ta ko in tafi gobe da safe, in nemi wani ya tsare mini aji.

"Ƙafar nan ce tata," in ji Inna. "Gama takardun mutane tukuna."

Takardun aji huɗu ne, kuma an ce a miƙa sakamako kafin Juma'a. Ni ban taɓa makara da sakamako ba. Na ce Asabar zan je, in kwana, in kuma samu ta ita kaɗai wannan karon in tambaye ta. Har na rubuta yadda zan fara a bayan wata takarda. Ranar Laraba na sake tambayar Inna, ta ce da sauƙi. Na bi ta gidan Kawu da yamma, shi ma ya ce da sauƙi, in bi aikina a hankali.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin aji sai na ga Kawu tsaye a bakin ƙofa, shi da bai taɓa taka makarantar ba. Ya cire hula ya mayar. Na san mutuwa ce tun kafin ya yi magana.

Mu uku muka shiga mota. Gero ya tsiro dama da hagu, kore shar a kan jan rairayi, mutane sun duƙa suna noman farko. Inna ta rufe fuska da mayafi tun daga tasha. Mun isa bayan azahar, an riga an kai ta. Inna ta shige cikin gida wurin mata, ni da Kawu muka nufi rumfar maza. Na durƙusa a gefen tabarma inda baƙi ke durƙusawa, zan yi ta'aziyya. Mijin Iya, dogon manomi mai furfura, ya kama hannuna ya miƙar da ni, ya ce wa ƴaƴansa maza biyu su matsa, ya zaunar da ni a kusa da shi, a gaba da su. Mutane suka fara zuwa suna ba ni hannu, suna cewa Allah ya jiƙan mahaifiya, ya ƙarin haƙuri. Na ce a raina ƙanwar uwa ai uwa ce, haka ake faɗa ko'ina. Ina nan ina riƙe da wannan, sai limamin da ya yi mata salla ya zo ya zauna a gabana.

"Mun jira ɗan fari har rana ta take," ya ce. "Da muka ga jinkirin zai yi yawa, sai muka sallace ta. Ka yafe mana."

Na waiwaya in ga Kawu. Yana kallon casbinsa.

Bayan la'asar mijin Iya ya ja ni bayan rumbu. Shi a zatonsa na daɗe da sani. Da ya gane ban sani ba, sai ya ba ni labarin a gajarce, kamar mai sauke kaya. Iya ta yi auren fari kafin shi. Mijin ya rasu ina goye. Yayarta kuwa ta daɗe a ɗaki ba haihuwa, don haka da aka yaye ni sai aka kai ni Birni riƙo, yadda ake yi tsakanin ƴan'uwa. Abin da ba a saba yi ba shi ne ɓoyewa. Baba ne ya roƙa a bari sai na girma, aka kuma yi mini takardar haihuwa da sunayensu lokacin shiga lakkol. Na girma, Baba ya rasu, babu wanda ya so ya zama shi ne mai faɗa.

Sai ya ce sau uku suka buga wa Inna waya. Na farko gaisuwa ce. Na biyu, ranar Talata, sun ce ta daina cin abinci, tana son ta gan ni. Na uku, ranar Laraba, sun ce duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta tambaya ko daga Damagaram take. Na ce masa lambata tana wurin ɗansa, ko da salla ya kira ni. Ya ce ita ta hana. Ta ce ta ba yayarta ɗa da hannunta, ba za ta tsallake ta ta kira shi ta bayan fage ba, in za a zo a zo ta ƙofar da aka bayar.

Sun ce su raka ni kabari a ranar. Na ce sai gobe. Gobe ma na ce sai gobe. Ban san yadda zan bayyana wannan ba. Ina jin na ƙudura cewa sai na ji daga bakin Inna tukuna, kamar maganar ba ta tabbata ba sai ita ta sa hannu. Aka yi sadakar uku muka dawo Birni ban je ba.

Washegari da safe na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na gaishe ta, na zauna a kan turmi. Na tambaye ta sau nawa aka bugo daga Dogo. Ba ta ɗago ba, ta ce uku. Na tambaye ta dalilin da ya sa ta ɓoye mini.

"Shekara ashirin da biyar ƙanwata tana riƙe da bakinta," ta ce. "Na san in ka shiga ɗakin nan, ta ga ba tashi za ta yi ba, ba za ta ƙara riƙewa ba. Na ce in ta ji sauƙi mu je tare, in faɗa maka da bakina tana zaune. Ban san ba za ta kai Asabar ba."

Na gaya mata zancen jinin. Na yi mata bayani yadda nake yi wa ɗalibai, da ƙwayar wake biyu a kowane hannu. Ta saurara, ta sa na maimaita. Sannan ta tambaye ni ko tun asibiti ke nan na sani. Na ce ban sani ba, zato nake, akwai hanyoyin da abin zai iya zama daban.

"Kana da zato, kana da ƙafa, mota tana tashi kullum," ta ce. "Ni na ɗaure ka?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. Na tashi na koma zaure. Wataƙila tana da gaskiya ta wani gefe. Amma ni mutum biyu na tambaya, su biyun da na fi yarda da su a duniya, na tambaye su sau biyu biyu, kuma kowannensu ya san abin da nake tambaya. Sun san halina. Sun san in aka ce mini gama aikinka tukuna, zan gama. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, da halina suka tsare ni.

Sauran da suka sani kuma ba su da iyaka. Makonnin da suka biyo baya na riƙa bin lungunan Birni ina gaida mutane yadda na saba, ina duban fuskokinsu. Mai wainar bakin masallaci da ta san ni tun ina rarrafe. Dukawan da suka yi aiki da Baba. Maƙwabciyarmu da ta shigo yi wa Inna gaisuwa, ta juyo ta yi mini tawa dabam da murya ƙasa-ƙasa. An kawo yaro yayayye gidan da ba a taɓa ganin ciki ba, ba a yi suna ba, ba a yi wankan jego ba. Unguwa guda ta gani. Ni kaɗai aka bari sai da na gano da faranti da ɗigon jini.

Ban bar gidan ba. Ni ke sayo mata magani, ni ke kai ta a duba ɗinki, ina gaishe ta safe da yamma, ina kuma ce mata Inna, don ba ni da wani sunan da zan kira ta da shi. Kawu ne na daina zama a ƙofarsa. Ina gaishe shi a tsaye in wuce. Ya aiko sau ɗaya a ce in zo, na ce ina da aiki, wanda kuma gaskiya ne.

Sai da hutu ya kusa ƙarewa, gero ya fitar da kai, na koma Dogo ni kaɗai. Babban ɗan mijin Iya, wanda yanzu zan ce ƙanina, ya bar gona ya raka ni maƙabarta. Damina ta yi kyau a shekarar, ciyawa ta kai gwiwa, ruwa ya kwantar da tudun kaburburan. An binne mutum biyu a mako ɗaya, in ji shi, ita da wata tsohuwa daga unguwar gabas, kusa da juna. Reshen da suka kafa ya faɗi, ko dabbobi sun ture. Ya yi ta bin ciyawar da ƙafa, ya tsaya, ya koma baya, ya auna daga gindin wata aduwa. Ya ce yana jin na dama ne. Can ya ce kada ya ɗauki alhaki, zai iya zama na hagu, in na yarda mu koma a kira tsoho ya zo ya nuna.

Na ce ya bar tsoho ya huta. Na tsaya a tsakanin biyun, na ɗaga hannu, na yi musu addu'a su duka.